Jean-Martin Charcot, likitan da ya fara gane cutar "sclérose en plaques"

Jean-Martin Charcot, wanda ake furta sunansa "Sharko", likita ne ɗan ƙasar Faransa. An haife shi a birnin Paris ranar 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1825, ya rasu ranar 16 ga watan Agusta na 1893. Yana cikin sahun farko na waɗanda suka aza harsashin ilimin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, fannin da likitoci a Nijar ke kira "neurologie". Shi ne ya fara tattara alamomin cutar "sclérose en plaques" wuri guda, ya haɗa su da ɓarnar da ake tararwa cikin ƙwaƙwalwa da laka bayan rasuwar majiyyaci, sannan ya koya wa likitoci yadda za su gane ta tun mai ita yana da rai. A shekarar 1868 ya yi wannan aiki. Bai samo mata magani ba, kuma ya faɗi hakan da bakinsa a gaban ɗalibansa.

Wace irin cuta ce?

Jijiyoyin da ke kai saƙo cikin ƙwaƙwalwa da laka, wato farar igiyar nan da ta ratsa cikin ƙashin baya, suna lulluɓe da wani rufi mai kitse da ake kira miyelin. Aikinsa kamar na robar da ke jikin wayar lantarki ne: yana kare wayar, yana kuma sa saƙo ya yi sauri. A jikin mai wannan cuta, garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta afka wa rufin. Duk inda ta ci sai wurin ya kumbura, daga baya ya bar tabo mai tauri. Daga nan sunan ya samo asali: "sclérose" na nufin taurarewa, "plaques" kuwa su ne tabo-tabon da ke warwatse nan da can.

Da yake tabon na iya faɗawa ko'ina, alamomin ba su da tsari ɗaya. Wani ido ɗaya ne zai dushe masa cikin ƴan kwanaki, ya riƙa jin zafi idan ya juya shi. Wata ƙafa ce za ta yi mata nauyi, ko ta ji kamar kiyashi na yawo a hannunta. Wani ya riƙa tangaɗi, wani fitsari ya gagare shi riƙewa, ga wata gajiya da barci ba ya kore ta. Abin da ya fi ruɗa iyali shi ne yadda ciwon ke zuwa ya tafi: bayan ƴan makonni mutum ya warware kamar ba a yi ba, sai an yi watanni ko shekaru ya dawo ta wata ƙofar. Galibi tana somawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza aƙalla sau biyu. Ba a ɗaukar ta daga wani. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin yaƙi da cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2 da dubu 800 ne ke ɗauke da ita. A Faransa kaɗai sun haura dubu 100.

A zamanin da Charcot ya fara aiki, babu ko ɗaya cikin wannan bayani da aka sani. Mai karkarwa mai karkarwa ne, shanyayye shanyayye ne, duk a ɗaki ɗaya ake zuba su.

Ɗan mai ƙera keken doki

Mahaifinsa sana'ar ƙera keken doki da yi musu ado yake yi a Paris, ba talaka tilis ba ne, ba kuma mai dukiya ba. Ƴaƴansa huɗu ne, duk maza, Jean-Martin ne babba. Ana ba da labarin cewa uban ya ce ƙarfinsa ba zai kai ga dogon karatun su duka ba, don haka wanda ya fi ƙoƙari a makaranta shi zai ci gaba. Jean-Martin ne ya ci. Yaro ne mai shiru-shiru, mai son zane, har ya ɗan yi wasiwasi tsakanin zama mai zane da zama likita. Wannan hannu na zane ya yi masa rana daga baya, domin yawancin abin da ya gani a jikin marasa lafiya da kansa ya zana shi.

Ya ci jarrabawar shiga sahun ƙananan likitocin asibitocin Paris a 1848. A 1853 ya kare kundinsa na zama likita, a kan ciwon gaɓɓai, inda ya rarrabe cutar da Faransawa ke kira "goutte" da amosanin gaɓɓai mai daɗewa, biyun da ake yawan gwamutsawa. Tun a nan aka ga irin halinsa: a ba shi tarin marasa lafiya da aka yi wa kuɗin goro, ya zauna ya ware su. Ubangidansa a lokacin shi ne Pierre Rayer, likitan sarki Napoléon na Uku, wanda ya buɗe masa ƙofofi da dama. A 1857 ya faɗi jarrabawar zama malamin jami'a saboda magana a gaban jama'a ba ta zo masa da sauƙi. Sai a 1860 ya haye. Abin dariya ne idan aka tuna cewa shekara ashirin bayan haka mutane daga ƙasashe daban-daban ke turereniya don sauraren darasinsa.

Garin mata dubu biyar

A 1862 aka naɗa shi babban likita a Salpêtrière, tare da abokinsa Alfred Vulpian. Asalin wurin masana'antar albarushi ce, daga nan ma ya samo sunansa. A 1656 sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya mai da shi gidan da ake tsare matan da birnin ba ya son gani a titi: mabarata, marasa galihu, masu taɓin hankali, karuwai. Lokacin da Charcot ya zo, mata kimanin dubu 5 ne a ciki, akasarinsu tsofaffi da masu ciwon da aka fid da rai da warkewarsa. Gari ne sukutum, da titunansa da cocinsa da wurin wanki. Likitoci masu neman suna ba sa son a tura su can, domin wuri ne na jiran mutuwa.

Charcot ya ga abin da sauran ba su gani ba. A asibitin cikin gari majiyyaci kan kwana goma ya tafi, ba a sake jin ɗuriyarsa. A Salpêtrière kuwa mace kan shekara goma ko ashirin a gado ɗaya, a nan kuma za ta cika. Shi da Vulpian suka bi ɗaki-ɗaki, gado-gado, suna rubuta tarihin kowace, yadda take tafiya, yadda take magana, yadda hannunta ke rawa. Idan ta rasu sai a binciki gawar, a yanka ƙwaƙwalwa da laka siriri-siriri, a duba a madubin likita, a kwatanta da abin da aka rubuta tana da rai. Wannan ita ce hanyar da ake kira "méthode anatomo-clinique". Ba Charcot ya ƙirƙiro ta ba, likitocin Paris irin su Laennec sun yi amfani da ita a kan huhu da zuciya, amma shi ya ɗora ta a kan jijiyoyi da haƙurin da ba a taɓa gani ba. A wani ɗan ɗakin girki da aka daina amfani da shi ya kafa wurin bincikensa na farko.

Ya kamata a faɗi ɗaya gefen. Matan nan talakawa ne da ba su da inda za su, ba a nemi izininsu ba kafin a mai da su abin nazari, da ransu da bayan ransu. Yawancinsu ko cikakken sunansu bai shiga littattafan da aka rubuta a kansu ba.

Akwai wani mutum da Charcot ke kira malaminsa a wannan fanni, Guillaume Duchenne, ɗan garin Boulogne, likitan da ba shi da muƙami a kowane asibiti, yana yawo da akwatin lantarkinsa yana gwada tsokar marasa lafiya. Daga wurinsa Charcot ya koyi amfani da lantarki da hoto wajen bincike.

Karkarwa iri biyu

Ƙofar da ya shiga ta kai shi ga "sclérose en plaques" ita ce karkarwa. Wani likitan Ingila, James Parkinson, ya riga ya yi bayanin wata cutar rawar jiki tun 1817, kuma a Salpêtrière duk mai rawar hannu da ita ake lissafa shi. Charcot da Vulpian suka lura cewa masu karkarwar kashi biyu ne. Kashi na farko hannunsu na rawa suna zaune ba sa komai, da zarar sun miƙa hannu za su ɗauki wani abu sai rawar ta lafa. Galibi tsofaffi ne, jikinsu a sandare, tafiyarsu a hankali. Kashi na biyu kuwa suna zaune lafiya lau, sai an miƙa musu kofin ruwa: hannu na tunkarar baki rawar na ƙaruwa, kafin kofin ya isa ruwan ya zube. Waɗannan yawanci matasa ne. Ɗalibansa sun ba da labarin cewa yakan sa a maƙala dogon gashin tsuntsu a hular majiyyata a lokacin darasi, domin na bayan aji ma su ga yadda kowace karkarwa ke kaɗawa.

Da aka binciki gawarwaki, sai bambancin ya tabbata. Masu karkarwar zaune ba a ga wani abu a fili cikin lakarsu ba. Masu karkarwar motsi kuwa, ga tabo-tabo masu launin toka a warwatse cikin laka da gindin ƙwaƙwalwa. Kashi na farko Charcot ya ba da shawarar a kira ciwonsu da sunan Parkinson, yana mai cewa tsohon sunan da ke nufin "shanyewa mai rawa" bai dace ba, tun da ƙarfinsu na nan, kuma wasu ma ba sa rawar. Sunan ya zauna har yau.

Tabon kansa an riga an gan shi. Robert Carswell, ɗan Scotland, ya buga zanensa a 1838, Jean Cruveilhier na Paris ma ya zana shi a daidai wannan tsakanin. Eduard Rindfleisch kuwa ya lura a 1863 cewa akwai jijiyar jini a tsakiyar kowane tabo. Kalmar "sclérose en plaques" ma Vulpian ne ya fara amfani da ita a 1866, abin da sau da yawa ake mantawa. Abin da Charcot ya ƙara shi ne haɗa gawa da mai rai, har abin ya zama cuta mai suna da kamanni da za a iya koyar da ita.

Akwai labarin wata mai aikin gida da ya ɗauka, wadda hannunta ke rawa. An ce ta fasa masa kwanukan tangaran ba adadi, amma ya ƙi sallamarta, yana lura da ita shekara da shekaru. Da farko wata cuta daban ya zata. Da ta rasu a Salpêtrière aka bincika, sai ga tabo-tabon nan. Mai karatu na iya ganin tausayi a labarin, yana kuma iya ganin mutumin da ko a teburin cin abincinsa nazari yake yi. Duka biyun halinsa ne.

A darussan da ya gabatar a 1868, waɗanda jaridar likitoci ta "Gazette des hôpitaux" ta buga, ya kawo alamomi uku da har yanzu ke ɗauke da sunansa: karkarwar da ke tasowa idan an yi niyyar motsi, rawar ƙwayar ido, da magana mai fita gaɓa-gaɓa kamar ana ƙirga ta. Likitocin yau sun san cewa ukun nan ba kasafai suke haɗuwa ba sai ciwon ya yi nisa, kuma akwai masu cutar da yawa da ba za su taɓa nuna su ba. Abin da ya fi daraja a darussan yana cikin abin da ya gani a madubi. Ya nuna cewa rufin jijiyar ne ke lalacewa, ya zana ɗigon kitsen da ke taruwa inda ya narke, ya kuma lura cewa zaren jijiyar da ke ciki yakan daɗe bai tsinke ba. Da wannan ya fassara yadda mutum kan samu sauƙi bayan ya kwanta: wayar na nan, robar ce ta zube. Ya ambaci raunin tunani da mantuwa da wasu majiyyatan ke yi, batun da likitoci suka yi sakaci da shi kusan shekara ɗari kafin su dawo kansa. Ya ce cutar ta fi kama matasa da mata, ko da yake wanda ke aiki a gidan mata zalla dole ya yi hattara da irin wannan lissafi. Bincike na baya ya nuna ya yi daidai.

Inda ya kuskure shi ne musabbabi. Ya ɗauka cewa naman da ke tallafe da jijiyoyi ne ke yin yawa ya shaƙe rufin, alhali taurin nan sakamako ne, ɓarnar garkuwar jiki ce ke gaba. Wajen magani kuwa ya gwada abin da zamaninsa ke da shi, sinadaran zinariya da azurfa da zinki, lantarki, wankan ruwan sanyi, ya kuma shaida wa ɗalibansa cewa babu wanda ya ba da sakamakon kirki. Ɗalibansa biyu, Bourneville da Guérard, suka fitar da littafi sukutum a kan cutar a 1869, cikin ƴan shekaru likitoci a Ingila da Amurka suka fara gano ta a asibitocinsu.

Sunansa a kan wasu cututtukan

A nan akwai ruɗanin da ya kamata a kauce masa. Idan Bafaranshe ya ce "maladie de Charcot", ba "sclérose en plaques" yake nufi ba. Wata cuta ce daban, "sclérose latérale amyotrophique", wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka har mutum ya kasa haɗiya da numfashi, ita ce ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila Stephen Hawking. Charcot ya yi bayaninta tare da Alix Joffroy a 1869, ya raɗa mata suna a 1874.

Sunansa na kan wata cutar jijiyoyin ƙafa da ake gado, Charcot-Marie-Tooth, tun 1886. Yana kan lalacewar gaɓar ƙafar da ta daina jin zafi, "pied de Charcot", wadda shi a wurin masu tunjere ya gan ta, yau kuwa an fi ganin ta a wurin masu ciwon suga. Shi da ɗalibinsa Charles Bouchard suka bayyana ƴan ƙananan kumburin jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da zubar jini a kan masu hawan jini.

Ɗaukaka, da abin da ta jawo

A 1872 ya gaji Vulpian a kujerar farfesan nazarin ɓarnar da cuta ke yi wa sassan jiki. A 1882 gwamnati ta ƙirƙiro masa kujera ta musamman ta cututtukan jijiyoyi a jami'ar Paris, irinta ta farko a duniya, a 1883 kuma ya shiga majalisar masana kimiyya ta Faransa. Ya auri wata bazawara mai dukiya a 1864, gidansa da ke titin Saint-Germain ya zama matattarar ƴan siyasa da marubuta duk daren Talata. Sarkin Brazil, Pedro na Biyu, yana cikin waɗanda yake dubawa. Mutum ne mai kwarjini, marar yawan magana, ba ya son a musa masa. Ana yi masa laƙabi da Napoléon na cututtukan jijiya. Yana iya sa a tuɓe majiyyaci a gabansa ya yi ta kallonsa tsawon lokaci bai ce uffan ba. A wurinsa gani ya kori ji. Duk da haka yana da tausayin dabbobi ƙwarai, har biri yake kiwo a gida, kuma ba ya son gwaji a kan dabba mai rai.

Sigmund Freud, wanda ya zauna a sashensa daga watan Oktoba na 1885 zuwa Fabrairu na 1886, ya ba da labarin ranar da wani ɗalibi ya ce abin da aka nuna musu ya saɓa wa ƙa'idar da ke cikin littafi. Charcot ya amsa cewa ƙa'ida aba ce mai kyau, sai dai ba ta hana abin da ke akwai kasancewa. Freud ya raɗa wa babban ɗansa namiji suna Jean-Martin.

Abin da ya kawo Freud da sauran baƙi ba "sclérose en plaques" ba ce. Tun 1870 aka haɗa wa Charcot sashen mata masu farfaɗiya da masu abin da ake kira "hystérie", wato masu faɗuwa, sandarewa, shanyewa ko makancewa ba tare da an ga wata ɓarna a jijiyoyinsu ba. Ya so ya yi wa wannan ciwo abin da ya yi wa sauran: ya tsara masa matakai, ya ce a ko'ina haka yake. Daga 1878 ya shiga amfani da "hypnose", wato sa mutum cikin wani hali tsakanin barci da farke inda yake bin abin da aka faɗa masa. Darussan suka koma kamar wasan kwaikwayo, ƴan jarida da marubuta da masu son kallo suka cika zauren. Shahararren zanen André Brouillet na 1887 ya nuna shi yana jawabi, ga wata majiyyaciya, Blanche Wittman, ta sume a hannun ɗalibinsa Joseph Babinski.

A wannan karon hanyarsa ta ci amanarsa, domin babu tabon da za a gani a gawa a tabbatar da magana. Likitocin birnin Nancy, a ƙarƙashin Hippolyte Bernheim, suka ce matakan da ake nunawa a Salpêtrière koyo ne: matan na yin abin da suka fahimci ana jira daga gare su, suna kuma kwaikwayon masu farfaɗiyar da ke kwance kusa da su. Gaskiya na wajen mutanen Nancy. Bayan rasuwar Charcot, Babinski da kansa ya rushe mafi yawan ginin. Abin da ya tsira daga wannan babi shi ne nacewarsa cewa ciwon na gaske ne, ba ƙarya majiyyatan ke yi ba, cewa maza ma na kamuwa, kuma firgita ko haɗari na iya haddasa shi.

Yana da ciwon zuciya a shekarunsa na ƙarshe. A watan Agusta na 1893 ya fita hutu yankin Morvan tare da tsofaffin ɗalibansa biyu, Debove da Straus. A wani masauki da ke bakin tafkin Settons ruwa ya cika masa huhu cikin dare, ya rasu yana da shekara 67. An binne shi a maƙabartar Montmartre. Mutum-mutumin tagulla da aka kafa masa a ƙofar asibitin an narkar da shi a 1942, lokacin da Jamus ke mamaye da Faransa. Ɗansa Jean-Baptiste, wanda ya karanta likita don bin umarnin uba, ya ajiye aikin ya koma binciken tekun ƙanƙara, ya raɗa wa wani tsibiri a Antaktika sunan mahaifinsa, ya kuma halaka a 1936 lokacin da jirginsa "Pourquoi-Pas?" ya nitse a gaɓar Iceland. Asibitin kuwa, wanda yanzu ake kira Pitié-Salpêtrière, yana cikin manyan cibiyoyin jijiyoyi na Turai.

Bayan Charcot

An yi shekara 125 tsakanin darussan 1868 da maganin farko da ke rage yawan tashin cutar. A 1884 ɗalibinsa Pierre Marie ya yi hasashen cewa wata ƙwayar cuta ce ke tayar da ita. A 1933 Thomas Rivers, a birnin New York, ya nuna a jikin birai cewa garkuwar jiki na iya afka wa miyelin. A 1981 aka ɗauki hotunan farko na tabon a ƙwaƙwalwar mai rai da na'urar IRM a Landan, abin da Charcot sai a gawa yake iya gani. A 1993 Amurka ta amince da maganin interferon beta. A 1998 binciken Bruce Trapp ya nuna cewa zaren jijiyar ma na tsinkewa tun da wuri, fiye da yadda aka zata, shi ya sa yanzu likitoci ke gaggauta fara magani. A 2017 aka amince da ocrelizumab, wanda ya biyo bayan aikin likitan Amurka Stephen Hauser a kan wani rukunin ƙwayoyin garkuwar jiki. Magungunan yau sun kai kusan ashirin. Babu wanda ke warkar da cutar, amma suna rage tashinta sosai, suna jinkirta naƙasa.

A 2022 masu bincike na jami'ar Harvard, bayan nazarin bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, sun gano cewa haɗarin kamuwa da cutar na ninkuwa sau 32 bayan mutum ya ɗauki ƙwayar birus ta Epstein-Barr. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya na ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da wata illa ba, don haka akwai sauran abubuwan da ke haɗuwa: gado, shan taba, ƙarancin bitamin D. Hasashen Pierre Marie dai bai faɗi ƙasa banza ba. Babbar lambar yabo ta duniya a binciken cutar sunan Charcot take ɗauke da shi, ana kuma tunawa da masu fama da ita duk ranar 30 ga watan Mayu.

A Afirka fa?

Cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi masu nisa da tsakiyar duniya, irin su Kanada, Scotland da Suwidin. A Afirka kudu da Sahara alƙaluman ƙanana ne, har an daɗe ana koyar da cewa baƙar fata ba ya kamuwa. Wannan magana ta faɗi: ana samun ta a tsakanin baƙaƙen fata na Amurka da Turai da yawa, an kuma tabbatar da ita a ƙasashen Afirka da dama. Ƙarancin na iya zama gaskiya, amma wani ɓangarensa na rashin masu ganowa ne. A ƙasashe da yawa na yankin likitan jijiyoyi ɗaya ke da mutum sama da miliyan a wuyansa, na'urar IRM kuma sai a manyan birane, kuɗin hoton ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai. Ciwon da ke zuwa ya tafi da kansa yana da saurin a danganta shi da iska ko sammu, kuma duk maganin da aka sha na ƙarshe kafin sauƙin ya zo shi ke karɓar yabo.

Akwai kuma cututtukan da ke kama da ita waɗanda dole likita ya fara kawar da su: tarin fuka na ƙashin baya, tunjere, sida, ƙarancin bitamin B12. Sai wata ƴar'uwarta da Eugène Devic na birnin Lyon ya bayyana a 1894, mai afka wa jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa a tsakanin ƴan asalin Afirka da Asiya. An daɗe ana ɗaukar ta reshe ce ta "sclérose en plaques", sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke raba su. Rabewar na da muhimmanci, domin wasu magungunan ɗayar, ciki har da interferon, na iya tsananta ɗayar.

Tsadar magani ita ce katanga ta ƙarshe. A watan Yuli na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan cutar guda uku, cladribine, glatiramer da rituximab, cikin jerin muhimman magungunan da take shawartar kowace ƙasa ta tanada. Wannan ne karo na farko da maganin "sclérose en plaques" ya shiga jerin.